Na karanta 4U a matsayin 40, kuma har yau ban faɗa wa likita ba

Assalamu alaikum, Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, watana takwas da fara aiki. Kwana uku da suka wuce ina aikin dare, mu biyu ne kawai a ɗakin da ke da marasa lafiya sama da ashirin. Akwai wani dattijo mai ciwon suga da likita ya rubuta wa allurar insulin mai saurin aiki. A katinsa an rubuta "4U", wato yunit 4, amma harafin U ya manne da lambar, ni kuma na karanta 40, na ja yunit 40 na yi masa. Bayan kamar awa biyu 'yarsa da ke jinyarsa ta zo ta ce yana ta gumi yana surutai. Da na gwada sugansa na samu 42. Muka kira likitan da ke bakin aiki, aka ba shi gulukos ta jijiya, ya dawo hayyacinsa. Sai da na koma kan katin na gane abin da na aikata. Abokiyar aikina, wadda ta riga ni shiga aikin da shekaru, ta ce tunda ya farfaɗo in bar kaza cikin gashinta, domin idan na yi magana takardar tuhuma zan samu. Na sa hannu a gaban yunit 4 kamar su na bayar. Da safe likitansa ya ce da alama jikinsa ba ya jure insulin, ya dakatar da ita, yanzu kuma sugan nasa sai hawa yake yi. Ba na iya barci, kuma hannuna rawa yake yi duk lokacin da na ɗauki sirinji. In faɗa ko in yi shiru? Ko kuwa in bar aikin ne tun kafin in kashe wani?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Na ɗauko wasiƙarki na sa ta gaban sauran da suka riga ta zuwa, domin a cikinta akwai mutumin da ke kwance a gado har yanzu, kuma ana yi masa magani bisa labarin da ba gaskiya ba ne. Amsar tambayarki ta farko ita ce ki faɗa, kuma ki faɗa yau, kafin ki sake karɓar aiki.

Ke da abokiyar aikinki kuna kallon abin a matsayin wanda ya faru ya wuce a daren, alhali bai wuce ba. Ki duba yadda likitan dattijon ya yi tunani da safe. Ya buɗe kati, ya ga yunit 4 da sa hannunki a gabansu, ya ga suga ya faɗo zuwa 42 bayan awa biyu. Duk likitan da ya san aikinsa, idan ya ga ƙaramin adadi irin wannan ya kayar da mutum haka, zai fara zargin ko dai ƙodar mara lafiyar ta raunana har insulin na daɗewa a jikinsa, ko bai ci abinci ba, ko kuma akwai wata cuta da ba a gano ba tukuna. Saboda haka ya janye maganin, kuma bisa abin da ke gabansa bai yi kuskure ba. Sai dai abin da ke gabansa ƙarya ne. Mutumin da jikinsa ke buƙatar insulin an hana shi ita, sugansa yana hawa, kuma suga mai yawa a jikin dattijo yana janye ruwan jiki, yana jinkirta warkewar ciwo, yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, idan ya yi tsanani kuma yana kai wa ga dogon suma. Ƙari a kan haka, wataƙila a rubuta a fayil ɗinsa cewa insulin kaɗan tana kayar da shi, a sallame shi da wannan bayani, duk likitan da ya gan shi nan gaba ya riƙa ɗari-ɗari da maganin da shi ne zai taimake shi. Kuskuren allurar ya ɗauki daƙiƙa kaɗan, amma sa hannun nan naki yana aiki a kansa kwana uku ke nan, kuma ke kaɗai ce za ki iya tsayar da shi.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani game da daren kansa, ba don in ƙara miki tashin hankali ba, sai don ki gane abin da shiru yake hana likita yi. Suga ƙasa da 70, a ma'aunin miligiram cikin desilita, ya sauka ke nan, ƙasa da 54 kuma ya shiga matakin haɗari, domin ƙwaƙwalwa ba ta da rumbun ajiyar suga, da abin da jini ya kawo mata take rayuwa. Likitan da kuka kira ya ba da gulukos, mara lafiya ya farfaɗo, shi kuma ya tafi da tunanin cewa yunit 4 ne a jikin. Da ya san 40 ne, da ya yi wani shiri dabam, domin gulukos da aka tura ta jijiya yana ƙarewa da wuri, ita kuwa insulin tana ci gaba da aiki na awanni, kuma yawan adadinta yana ƙara tsawon aikin nata. Mutum yana iya farfaɗowa ya yi magana, bayan awa ɗaya ya sake faɗawa cikin barcin da mai jinya zai ɗauka hutu ne. A irin wannan hali ana sa ƙarin ruwa mai gulukos, ana gwada suga akai-akai har gari ya waye, ana kuma duba sinadarin fotasiyam a jini, saboda insulin tana tura shi cikin ƙwayoyin jiki, idan ya yi ƙasa kuma bugun zuciya yana rikicewa. Dattijon ya tsallake wannan daren ne da taimakon Allah da idon 'yarsa, ba da wani shiri da aka yi masa ba.

Ba zan zagi abokiyar aikinki ba. Na san irin wurin da shawararta ta fito: ta ga an ci mutuncin wata a gaban jama'a saboda kuskure, ta koyi cewa mai magana shi ke shan wuya. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ba zan yi miki alkawarin cewa za a tafa miki ba. Wataƙila a kira ki zama, wataƙila a ba ki takarda ki amsa, wataƙila a ce wata ta riƙa tsayawa a kanki na wani lokaci. Amma ki bambanta abubuwa biyu da hukumomin aikin jinya a ko'ina suke bambantawa. Karanta rubutu ba daidai ba kuskure ne da ake gyarawa da horo. Rubuta abin da ba a yi ba a katin mara lafiya kuwa magana ce ta amana, ita ce take cin lasisi. Wadda ta zo da ƙafarta bayan kwana uku ta ce na tsorata na ɓoye, ga gaskiyar abin da ya faru, matsayinta daban ne da na wadda aka gano bayan wata guda. Kuma ana ganowa: kwalbar insulin tana nuna abin da aka ja daga cikinta, abokiyar aikinki ta sani, likita mai lura kuma zai iya zama ya ce lissafin nan bai haɗu ba.

Kada ki taɓa abin da kika riga kika rubuta. Kada ki goge, kada ki shafe da farin ruwa, kada ki mayar da 4 ta zama 40 da biro. Ana gyara rubutun asibiti ne da sabon shigarwa mai ɗauke da kwanan wata da lokacin da ake rubuta shi, a bayyana cewa bayani ne da ya zo a makare, a faɗi adadin da aka bayar da lokacin da aka bayar, a sa hannu. Ki yi wannan bayan kin yi magana da shugabar ɗakinku, bisa tsarin da wurin aikinku yake bi.

Ga yadda nake ganin za ki yi. Ki fara sanar da abokiyar aikinki cewa za ki yi magana, ba neman izininta za ki yi ba, sanarwa ce ta mutunci domin sunanta yana cikin aikin daren. Daga nan ki samu shugabar ɗaki ita kaɗai, ki ce mata: "Sista, ina da maganar da ta shafi lafiyar mara lafiya kaza, kuma ba za ta jira ba. Daren ranar kaza na yi masa yunit 40 na insulin a maimakon 4. Shi ya sa sugansa ya faɗi. Na rubuta 4 a kati, ban faɗa wa likita ba, kuma saboda haka aka dakatar masa da maganin. Ina so likitansa ya sani yanzu." Iyakar abin da ake buƙata ke nan a zaman farko. Kada ki fara da labarin yawan marasa lafiya ko munin rubutun likita, domin idan kika fara da su za a ji kamar kariyar kai kike yi, alhali suna da muhimmanci kuma suna da wurinsu a takardar rahoton kuskure. A can za ki rubuta komai kamar yadda ya faru, da lokutansa, ba tare da zargin kowa ba, kuma ba tare da zagin kanki ba. Idan shugabar ta ce a rufe maganar, ki je wurin likitan da kanki, domin shi ne zai gyara maganin.

Dattijon da 'yarsa su ma suna da haƙƙin sani. Jikinsa ne, kuma 'yar tana can tana tunanin ko insulin guba ce ga mahaifinta, wanda zai iya sa ta hana shi allura idan sun koma gida. Wannan bayani ba ke kaɗai za ki yi shi ba. Likita da shugabar ɗaki ne za su jagoranta, ke kuma ki nemi a bar ki ki kasance a wurin ki ba da haƙuri da bakinki. A Ingila tun 2014 doka ta wajabta wa asibitocin gwamnati su sanar da mara lafiya idan an yi masa kuskuren da ya cutar da shi, amma ko inda babu irin wannan doka, aikinmu bai taɓa halatta ɓoye wa mutum abin da aka sa a jikinsa ba.

Yanzu bari mu koma kan katin, domin a nan ne nake so ki daɗe. Ba ke ce ta farko da harafin U ya yaudara ba. Sanannen tarko ne, har hukumar Joint Commission da ke tantance asibitoci a Amurka ta sa shi cikin jerin gajerun rubutun da ta hana amfani da su tun 2004, saboda idan aka rubuta shi da hannu cikin sauri yana komawa sifili ko lamba 4. Abin da ake so shi ne a rubuta kalmar yunit cikakkiya, a bar tazara tsakaninta da lambar. A jerin akwai wasu 'yan uwansa: rubuta 1.0 a maimakon 1, inda idan ɗigon ya ɓace sai ya zama 10, da rubuta .5 babu sifili a gaba, wanda ido ke karantawa 5. Duka kuskure ne mai ninka magani sau goma, irin naki. Masanin halayyar ɗan Adam James Reason na Jami'ar Manchester ya yi bayanin cewa cutarwa ba ta isa ga mara lafiya sai ta ratsa katangu da dama, kowace da ɓarakarta, kuma sai ranar da ɓarakokin suka yi daidai da juna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A darenki likita ya rubuta U, babu wanda ya mayar masa da katin ya gyara, ku biyu ne a kan mutum sama da ashirin, kuma babu wanda ya duba sirinjin tare da ke. Likitan nan yana nan yana rubuta U a wasu katunan a wannan makon, wata ma'aikaciyar kuma za ta karanta su da ƙarfe biyun dare. Rahotonki ne kaɗai zai sa a ce masa ya daina.

Wannan bai wanke ki ba, kuma na san ba wankewa kike nema ba. Ke ce katanga ta ƙarshe, akwai kuma abin da ya kamata ya tsayar da hannunki. Yunit 40 na insulin mai saurin aiki a allura ɗaya adadi ne mai yawa ga yawancin marasa lafiya, balle dattijo. Da kin ɗaga ido zuwa layukan sama na katin, da kin ga abin da aka yi masa jiya da shekaranjiya, kuma tsalle daga 4 ko 6 zuwa 40 ba ya faruwa ba tare da wani bayani a fayil ba. A makaranta an koya miki ki tabbatar da mara lafiya, da magani, da adadi, da hanyar bayarwa, da lokaci. Abin da ba a cika nanatawa ba shi ne cewa tabbatar da adadi ya wuce daidaita sirinji da abin da ido ya karanta. Ya haɗa da tambayar kai ko wannan adadin ya dace da wannan mutumin, da sugansa na yanzu, da abin da ya ci. Idan amsar ba ta kwanta miki ba, ki ajiye sirinjin ki kira wanda ya rubuta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma likitan da zai yi miki tsawa don kin tashe shi ya fi sauƙi a kan wanda za ki tasa don mara lafiya ya suma. Idan ta waya ya ba ki umarni, ki rubuta, ki maimaita masa lambar ɗaya bayan ɗaya, ya tabbatar.

Insulin tana cikin magungunan da ƙaramin kuskure a kansu ke yin babbar ɓarna, tare da masu tsinka jini irin su heparin da warfarin, da masu kashe zafi irin su mofin, da ruwan fotasiyam mai ƙarfi, wanda ba a taɓa tura shi kai tsaye cikin jijiya ba tare da an sirka shi ba, domin yana tsayar da zuciya. A kan irin waɗannan ne ake son mutum biyu su duba. Sai dai yawancin abin da muke kira duba na biyu ba duba ba ne. Idan kika miƙa wa abokiyar aiki sirinji kika ce "40 ne, ko?", kin riga kin sa mata lambar a kai, za ta kalli U ta ga sifili kamar yadda kika gani. Abin da za ki yi shi ne ki ba ta katin da kwalbar ba tare da kin ce komai ba, ta karanta da kanta, ta faɗi adadin, sannan ku kwatanta da abin da ke cikin sirinjin. Bai fi minti ɗaya ba. Ki kuma riƙa duba ƙarfin da aka rubuta a jikin kwalbar. Mafi yawan insulin tana da yunit 100 a kowace mililita, amma a wasu ƙasashe har yanzu ana samun mai yunit 40, kowace da sirinjinta. Idan aka ja mai 100 da sirinjin mai 40, mara lafiya zai samu ninki biyu da rabi na abin da aka yi niyya. Sirinjin da aka auna da mililita kuwa ba a jan insulin da shi sam.

Ni ma na taɓa yi, a shekarata ta biyu. An musanya wa wasu mata biyu gado da rana ba a faɗa mini ba, ni kuma na zo da dare na bi lambar gado, na ba wa ɗaya maganin hawan jinin ɗayar. Na kira sunan da ke kan katin, matar ta gyaɗa kai cikin magagin barci, na ɗauka amsawa ce. Jininta ya sauka, ta kwana ana auna ta, ta tashi lafiya. Tun daga ranar ban sake tambayar mara lafiya "ke ce wance?" ba, cewa nake yi "faɗa mini sunanki", sannan in haɗa da lambar asibitinta da ke kan kati. Gado ba shaida ba ne, domin gado ba ya tafiya da mutum. Na faɗa a daren, gwiwoyina suna rawa, kuma abin da ya biyo baya shi ne aka wajabta ambaton duk wani sauyin gado lokacin miƙa aiki.

Game da yawan aiki, ba ki da ikon ƙara ma'aikata, amma kina da ɗan iko a kan mintunan da kike haɗa magani. Wani bincike da aka yi a asibitocin Ostareliya, aka wallafa a 2010, ya gano cewa duk katsewa ɗaya da aka yi wa ma'aikacin jinya yana tsakiyar ba da magani tana ƙara yiwuwar kuskure da kimanin kashi 12 cikin 100. Idan an kira ki kina tsakiyar jan allura, in ba gaggawa ba ce ki ce a ba ki minti biyu; in kuma kin tashi, idan kin dawo ki faro daga karanta katin, kada ki ɗora daga inda kike zaton kin tsaya.

Sai tambayarki ta ƙarshe. Kada ki yanke shawarar barin aiki a makon da ba ki barci. Abin da kike ji sananne ne, har Dokta Albert Wu na Jami'ar Johns Hopkins ya yi rubutu a kansa a 2000, inda ya kira ma'aikacin da ya yi kuskure mutum na biyu da abin ya raunata, bayan mara lafiya. Girman matsalar kuma ya kai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangami a 2017 da burin rage mummunar cutarwar da ake iya kauce mata ta hanyar magunguna da rabi cikin shekara biyar, wanda ke nuna miki cewa ba a kan 'yan wata takwas kaɗai abin yake faɗawa ba. A ganina kaso mai yawa na rawar hannun nan daga ɓoyon yake, ba daga allurar ba, kuma zai ragu idan kin sauke maganar. Ki roƙi shugabarku ta haɗa ki da wata babba da za ta riƙa duba insulin tare da ke na 'yan makonni, har hannun ya zauna. Idan bayan makonni barci bai dawo ba, ko abin yana ta dawo miki a ido, ko kika ji rayuwar ta fita daga ranki, ki ga likita don kanki, kada ki jira.

Kafin ki fita daga gida, ki samu takarda ki rubuta lokacin da kika yi allurar, da irin insulin ɗin, da sugansa kafin allurar, da lokacin da 'yarsa ta kira ki, da abin da aka ba shi da sakamakon kowane gwaji bayan nan. Likitan zai tambaye ki duk waɗannan kafin ya yanke adadin da zai mayar da dattijon a kai, kuma a gabansa ba lallai ne ki tuna su ba.